Ni na sa aka cinye irin geron Babana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya daina aiki.

Ni malamin gona ne, ina aiki a Gummi ƙarƙashin wani shirin gwamnati na koya wa manoma yadda za su bi da sauyin yanayi, tunda yanzu ruwa sai ya makara kuma ya ɗauke da wuri. Ana ba mu irin gero mai saurin nuna mu raba, ana turo saƙo ta waya a faɗi lokacin shuka. To manoma ba sa karɓa, kowa sai ya ce bari ya gani a gonar wani tukuna. Oganmu ya ce kowa ya nemo gonar gwaji guda, ni kuma wayona sai ya kai ni gida, ƙauyenmu wajen Zugu, na ce ta Babana.

Baba yana da irinsa da ya gada wajen kakanmu. Duk kaka da hannunsa yake zaɓar manyan zangarniyu, ya ɗaure dami guda ya ajiye can ƙuryar rumbu, kome yunwa ba a taɓa shi. Sati uku ina zarya a mashin ina masa bayani, har bidiyo na nuna masa. Yayana ya ce in bar tsoho da abin da ya sani, muka yi cacar baki sosai, har na ce masa jahilci ke damunsa. Ƙarshe Baba ya yarda, ba don ya gamsu ba, don dai ni ɗansa ne kuma na yi boko. Da tsakiyar damina hatsi ya ƙare a gida, Inna ta tambayi Baba ko ta taɓa damin nan, ya ce a tambaye ni. Na ce ta sussuke abinta, ai mun wuce wurin. Da ni aka sha furarsa.

Sabon geron da muka shuka ya yi kyau wallahi, mutane har tsayawa suke a bakin gona suna kallo. Abin da ban hango ba, kuma babu shi a takardun da aka koya mana, shi ne ya riga na kowa nuna da makonni. In gero ya nuna tare tsuntsu rarrabuwa yake, kowa a ɗan taɓa shi kaɗan. To bana gona ɗaya tak ta nuna a duk dajin, tsuntsayen jan-baki suka sauka mata gaba ɗaya. Ga shi yanzu ba mai iya wuni a gona yana kora saboda ɓarayin daji, ana leƙawa ne a dawo. Kwana huɗu tsuntsayen suka gama da ita. Da na je na tarar da zangarniyu a tsaye ba ƙwaya, na tsaya ina kallo ban ji komai ba, har hoto na ɗauka na rahoto.

Baba bai yi min faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Tsuntsu ba shi da laihi, abinci yag gani." Daga baya Yayana yake gaya min ya ga Baba a zauren maƙwabcinmu yana roƙon iri, shi Baba da shekara da shekaru wajensa ake zuwa nema. Ko wannan da na ji, to kawai na ce. Ina zuwa ofis, ina cike fom, ina cin abinci, amma kamar wani ne yake yi ba ni ba.

Yanzu ofis sun ce gyaran shi ne baɗi duk ƙauyen su shuka sabon irin lokaci guda, tsuntsu ya rarrabu, kuma ni na san gaskiya ne. Mutanen gari sun ce in Baba ya sake shukawa za su bi. Amma na san mutanenmu, a taro kowa zai ce to, ranar shuka kowa ya ɗauko nasa na gado, a sake barin tsoho shi kaɗai da jan-baki. Gidanmu ba zai ɗauki shekara biyu ba hatsi ba.

Jiya na je gida da buhun sabon irin. Baba ya hango shi a bayan mashin, bai ko kalle ni ba ya ce, "In kac ce in shuka, sai in shuka."

Jama'a ya zan yi? In sauke masa buhun nan, ko in mayar ofis in ce Babana ya ƙi, alhali bai ƙi ba?