Ba Zan Fasa Kaset ɗin Hamma Ba

Ummu Salma, sanyin idona, ruwan sabuwar randa, inuwar tsamiya a ranar kasuwa, ke da murmushinki yake tasowa a hankali kamar hadarin farko da manomi ya gaji da duban gabas dominsa. Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, ina gaishe da yaranki biyu, ina gaishe da hannayen nan naki masu matse gyaɗa har ta ba da mai, waɗanda suka matse zuciyar direba ɗan shekara arba'in da tara har ga shi zaune a kan benci yana rubuta wasiƙa kamar ɗan sakandare.

Ban kira ki a waya ba don na san halina. Da na ji muryarki duk abin da na shirya narkewa yake yi, in koma tambayarki ya gajiya. Yau kuwa akwai maganar da dole ta fita.

Hanne ƙanwata, da ke aure a bayan gidanku, ta zo Gaya ranar Lahadi. Ta ce yayanki Hafizu ya tara 'yan gida ya ce ba za a ba ni aurenki ba, wai ni mai jin kiɗan mahaukatan Turawa ne, wai duk mai jin irinsa ƙwaya yake sha. Wannan bai hana ni cin tuwona ba, don Hafizu ne ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne, ta ce da ya juyo ya tambaye ki ko kin taɓa jin abin a motata, sai kika sunkuyar da kai kika ce, "Ni dai fasinja ce, ban kula ba."

Ba ki kula ba, Ummu Salma?

To bari in tuna miki. Bara ne da kaka, ranar kasuwar Gaya. Bas ɗin da kika shiga ta mutu a hanya, aka zube ku a gefen titi, ke da jarkokin manki guda huɗu. Na taho da akori-kurata cike da buhunan gyaɗa, na tsaya, na ɗora jarkoki uku a baya, kika rungumi ta huɗun a cinya don murfinta yana yoyo. Da kika zauna na miƙa hannu zan kashe rediyo saboda kunya. Kika ce, "Bar shi." Kalma biyu, ba ki ko dube ni ba. Muka yi ta tafiya, ganga tana dukan ƙofar mota, ni ina satar kallon yatsanki yana buga murfin jarkar nan daidai da ita, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da aka zo waƙa ta uku a gefe na biyu na kaset ɗin, wadda ganga take ja da baya a bar gita ita kaɗai tana kuka kamar goge a hannun tsoho, kika ce, "Wannan mai kiɗan an yi masa rasuwa." Sannan kika ce in mayar da ita baya. Sau biyu na mayar kafin mu shiga Gaya.

Shekara talatin da wani abu ina jin kaset ɗin nan, na ɗauki malaman makaranta, na ɗauki 'yan siyasa, na ɗauki dillalan shanu, babu wanda ya taɓa jin abin da kika ji a cikin minti huɗu. Ke da mijinki ya rasu ya bar ki da goyo, ke kika gane. A ranar na san na gamu da wadda zan tsufa a gefenta. Wannan ce fasinjar da ba ta kula ba?

Ban taɓa ba ki labarin kaset ɗin ba, yau zan ba ki. Na yayana ne, Hamma, direban tanka. A Legas ya saye shi a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, ina ɗan shekara goma sha uku. Turawa suna ce wa irin kiɗan rok, wannan kuma mai nauyin ne, na gita mai tsawa. A jikin kwalin akwai hoton ƙarti biyar masu gashi har kafaɗa, yanzu rana ta cinye fuskokinsu, sai gashin ya rage. Waƙa tara ce. Ta farko tana faɗo maka kamar an kifar da tirelar rodi a kan kwalta. Ganga tana sauka kamar mata shida sun haɗu a turmi ɗaya, mai waƙar kuma yana tsaga murya kamar wanda gobara ta kama rumbunsa. Amma ki saurara da kyau, babu bugu ɗaya da ya faɗi a inda ba wurinsa ba. Mutane biyar ne suka zauna suka ƙware a kan aikinsu, kamar maƙeran da suka san inda guduma za ta sauka tun kafin a ɗaga ta. Ban san abin da suke faɗa ba, Turancina na lambar mota ne da takardar 'yan sanda. Hamma ma bai sani ba. Ya ce mini shi dai yana hana shi gyangyaɗi a kan sitiyari. Da ya rasu a hanyar Lokoja, abin da aka kawo mana hularsa ce da agogonsa da wannan kaset. Zaren ya tsinke sau uku, sau uku na ɗinke shi da salatif. Akwai wurin da murya take ɗan shaƙewa, a nan ne ɗinkin farko yake, kuma har a kwafin da 'yata Muslima ta sa mini a memori sai kunnena ya jira shaƙewar nan, in bai ji ta ba ya ji kamar an rage wani abu.

Kada ki ɗauka ni kaɗai ne mahaukacin. Wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Kano ya taɓa jin sa daga tagar motata, ya bar cinikinsa ya zo ya rera waƙar farko daga kai har ƙarshe, idonsa a rufe, furfura a gemunsa. Muslima ta nemo faifan a wayarta ta nuna mini, ga mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba suna ta rubutu a ƙarƙashinsa, wasunsu ba a haifi iyayensu ba ma lokacin da aka buga shi.

Yanzu zo mu dubi masu yi mini hukunci. Hafizu, wanda wayarsa take cike da waƙoƙin da inji ya gyara wa murya har ba ka bambance namiji da akuya. Kowane wata da sabuwa, kowace sabuwa ƙanwar ta jiya ce, kuma in kin tambaye shi wacce yake so bara da rani ba zai iya tunawa ba. Shi ne mai rawa a bikin kowa har hularsa ta faɗi, shi ne yau ya zama mai gadin tarbiyya. Da wani malami ne na gaske ya kira ni ya ce, Abdurra'uf, ga abin da littafi ya ce game da kiɗa, wallahi da na durƙusa na saurara, don na san ni ba waliyyi ba ne, ina kuma neman gafarar Allah a kan abin da na sani da wanda ban sani ba. Amma Hafizu ba kiɗa yake ƙi ba. Kiɗan da bai saba da shi ba yake ƙi, direba kuma yake rainawa.

Kuma na san wanda yake yi wa share fage. Kabo, mai bin 'yan siyasa da jaka, mai turaren da ke riga shi shiga zaure. Na ji ya sa wani mawaƙi a Kano ya yi miki waƙa da sunanki, ana ta tura ta a waya. Na saurare ta, ya hasken rana. Ita ce dai waƙar da aka yi wa wata Rabi a Kademi shekara biyu da suka wuce, kiɗa ɗaya, baiti ɗaya, an cire Rabi an cusa Ummu Salma, sunan ma bai zauna ba, sai da mawaƙin ya haɗiye rabinsa. Wannan ce soyayyar da ake so ki karɓa? Riga ce ta haya, an wanke an ba ki, gobe a karɓa a ba wata. Ke da kike ɗanɗana mai da ɗan yatsa ki faɗi ko gyaɗar ta sha ruwa a gona, ke za a ruɗa da wannan?

Ranar Talata na je garinku Ajingi. Na sami Hafizu bayan la'asar a majalisarsu ta ƙofar mai shayi, mutum kusan goma. Na yi sallama na ce na zo jin laifina daga bakinsa. Ya yi dariya ya ce abu ne mai sauƙi. Ya sa ƙafa ya turo wani dutse gabana.

"Ɗauko kaset ɗin ka fasa shi a nan, kowa ya shaida. In ka yi, na janye."

Ba zan ɓoye miki ba, na je mota na ɗauko shi. Na tsaya da shi a hannu, fuskarki tana yi mini gizo, na ce a raina, roba ce da zare, me ya kai Ummu Salma? Sai na ɗaga kai na ga fuskokinsu. Biyu har sun ɗaga waya za su ɗauki hoto. Ba gyara suke nema ba, kallo suke so, su ga dattijo ya durƙusa yana dukan kayan ɗan'uwansa mamaci don a ba shi mata. Na mayar da shi aljihu.

Na ce, "Hafizu, in ƙwaya kake zargi, tashi mu je asibiti yanzu a auna jinina, a auna naka. Wannan kuwa ba zan fasa ba."

Bai tashi ba. Ya ce kada in ƙara taka ƙofar gidanku. Na ce gidan ba nasa ba ne tukuna.

Daga nan gona na wuce, wurin Baba Muhammad Bashir, mahaifinki. Na same shi ana tsinkar gyaɗa. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasa daga hannunsa, sannan ya ce, "Mu je in ji abin da ake ta surutu a kai." Tsohon nan ya hau akori-kurata ya zauna a inda kika zauna, ya ɗora sandarsa a cinya. Na kunna masa waƙar farko. Bai motsa ba har ta ƙare. Ya ce in kashe.

Ya ce, "Gaskiya babu daɗi. Amma rashin daɗi ba laifi ba ne. Kana kashewa in an kira salla?"

Na ce ina kashewa, Baba.

Ya ce, "To ka riƙa ragewa in ka shigo unguwa, akwai tsofaffi. Ummu Salma kuwa ba yarinya ba ce. Abin da ta ce shi za a yi."

Kin ga inda magana ta tsaya, ya tauraruwar asuba. Ba ta hannun Hafizu, ba ta hannun Kabo, ba ta ma hannun Baba. Tana bakinki. Na yi fushi da ke kwana biyu, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce ashe ita ma irinsu ce, mai jin abu a zuciya ta musa shi a baki. Daga baya na tuna ke ce za ki kwana ki tashi a gida ɗaya da Hafizu, ke ce mai yara biyu da ake yi wa gori a kan kwanon tuwo, ni kuwa ina Gaya ina cika baki. Na yafe miki wannan sunkuyar da kan. Amma kada ki maimaita ta, don a karo na biyu ba tsoro ba ne, zaɓi ne.

Ga abin da na ɗauka a wuyana. Ba zan kunna shi a cikin gida ba in ba ke kika ce ba. Ba zan sa yaranki su ji abin da ba ki yarda su ji ba. Zan riƙe su kamar yadda na riƙe Muslima tun rasuwar mahaifiyarta, ki tambayi duk Gaya yadda na riƙe ta. Amma ba zan zo miki da fuskar aro ba. Mutumin da zai fasa abin da yake ƙauna don majalisa ta tafa masa, ranar da majalisa ta juyo kanki me kike tsammani zai yi?

Ba zan tare ki a kasuwa ba, ba zan aiko kowa ya matsa miki ba. Hanne za ta kawo miki wannan takarda, ita za ta dawo mini da amsa, ko a rubuce ko a baki. In kin ce a'a, zan haɗiye, ba kuma za ki taɓa jin sunanki a bakina da mugun abu ba, ba zan kuma nemi wata ba, don na riga na san abin da kunnena da zuciyata suke iya zama da shi. In kin ce e, kawuna yana nan ya wanke babbar rigarsa.

Abu ɗaya ne na yi ba tare da izininki ba. Na sa an yi wa ɗakin gabas sabon siminti, an kuma buɗe masa taga ta biyu, domin na lura ba kya son ɗaki mai duhu. Simintin bai gama bushewa ba. Na hana kowa takawa.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Abdurra'uf Maiwada
Gaya