Takwarana Kifi Ne

Anti Jumai, ki taimake ni don Allah. Riguna nake sara a kasuwar Shisanhang ina aikawa Kano. Bokona bai wuce aji huɗu ba, shi ma malamin ne ya gaji. Na kawo 'yata Saudat jami'a a nan Guangzhou don ta iya Sinanci ta riƙa taya ni ciniki, sai ta ɓuge da nazarin kifi. Ba irin na miya ba, wasu 'yan mitsi-mitsi masu laɓewa a duwatsun murjani.

Bara ita da malaminta suka samo wani a tekun kudu, wanda masana ba su san da shi ba. Ta shekara tana ƙirga ƙayoyin bayansa. Wai wanda ya fara siffanta kifi shi ke raɗa masa suna, sai ta sa masa nawa. Ta kawo min hotonsa, ja da ɗigon shuɗi, bai kai babban yatsana ba, ga ido ƙuru-ƙuru. Ni kuwa baki ba linzami, na tambaye ta nawa ake sayar da katan ɗinsa.

Ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng na ce wa jama'a ana rabon zinare a Olamfik, ni kifi na samu. Abokina Tankari ya ce tunda an yi min takwara, sai na yanka rago na kai barka bakin teku. Magana ta koma kunnenta. Ta daina zuwa cin tuwon Lahadi, ta ce ba a buga binciken ba tukuna, za ta mayar da sunan na malaminta. Anti, wallahi hoton nan kullum yana aljihuna. Yaya zan yi?

Uban Kifi, Guangzhou

Malam Uban Kifi, wasanka ba mugunta ba ne, ita ma ya kamata ta san halin mahaifinta. Amma aikin shekara ta kawo maka, ka kai shi dandalin raha. Rigunan Shisanhang za su koɗe, sunan kifi yana nan.

Tankari ya faɗi gaskiya bai sani ba. Wanda aka yi wa takwara ba ya raina jariri don ƙanƙanta. Yanka ragon. Gayyato Saudat da malaminta da Tankarin, ka bar ta ta yi bayanin ƙayoyin nan, kai kuma ka kama bakinka har ta gama. Kada ka roƙi sunan. Fito da hoton kawai, ta ga yadda aljihu ya cinye gefensa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya takwara.