Tokar Da Ta Ci Ƙafafun Mahaifina

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin casar shinkafa da ke zubar da ɓuntu a gefen burtalinmu na Dugabau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya, ni ɗan Malam Jauro ne, tsohon da ya ba ku fili. Na je ofishinku har mai gadi ya san tafiyata, kullum a ce ka fita. Shi ya sa na fito fili da maganar.

1. Ran da kuka zo, da injiniya kuka zo. Ya yi mana bayani mai shiga kai, cewa in aka ƙona ɓuntu a tanderu da wuta daidai, aka niƙa tokar, za ta maye gurbin wani kaso na siminti, bulo ya yi ƙarfi kuma ya yi sauƙi. Ban ƙaryata shi ba, har yau. 'Yar katangar da ya gina ta gwaji ta sha damina bayan damina ko tsagewa ba ta yi ba, alhali ɗakin ƙasa na Baba yana zubar da bango duk shekara. Wannan katanga ce ta sa Baba ya yanko muku gefen gonarsa don ku gina tanderu ku riƙa buga bulo, muna hana shi. Cewa ya yi, "Ku bar su, abin da zai sa talaka ya kwana ba fargabar ruwa ai sadaka ce."

2. Tanderu bai zo ba. Abin da ya zo tifa ce, ta juye ɓuntu, direba ya cinna wuta ya kama gabansa. Ka san wutar ƙaiƙayi, ta ƙarƙashi take ci. Sama toka fara fat, ƙasa garwashi.

3. Ga abin da mutanen birni ba su sani ba. Mu makiyaya ne tun kakanni, kanwa muke zuba wa shanu a ƙasa, sun saba da zuwa wajen farin abu su lasa. A bazarar bara karsanar Baba ta hango farin tudun nan ta yi kansa da gudu, ta nutse har gwiwa. Bafulatani ba ya tsayawa yana kallon saniyarsa tana kuka, ko da ya tsufa. Ya bi ta da takalmin roba. Ita dai karsanar, mahauta ne suka ƙarasa ta. Shi kuwa robar ta narke a fatarsa, aka kai shi asibiti a Gwarzo, aka yanke masa yatsun ƙafa. Mutumin da ke taka ƙasa zuwa kasuwar Getso yau sai an ɗauke shi zuwa banɗaki. Duk lokacin da na ɗaga shi, wallahi raina ɓaci yake yi.

Manajanka ya aiko da buhun shinkafa da cewa tsautsayi ne. Mun karɓi ƙaddara, Alhaji, amma wutar ba daga sama ta faɗo ba.

Ba kuɗi nake nema ba. Ku kewaye wurin nan yau, kafin ya haɗiye yaran da ke kiwo. Ku daina ƙona ɓuntu a sarari. Sannan ku gina tanderun da kuka ce, ko ku kwashe tokarku ku mayar mana da gonarmu. Alkawari kaya ne, kuma kun sauke naku a kan tsoho.

Hadari ya fara haɗuwa, bangon ɗakin Baba na gabas ya rabu da rufi. In ya taso faɗuwa, bana Baba ba shi da ƙafar gudu. Duk da haka bai taɓa zaginka ba. In ya ji ƙarar tifa sai ya ɗago kai ya ce, "Buba, leƙa ka gani, ko bulon ne suka kawo?" Ni na gaji da leƙawa. Ka zo da kanka ka ba shi amsa.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare ƙafafunka da na 'ya'yanka daga wuta, ta duniya da ta lahira.

Wassalam.

Buba, ɗan Malam Jauro,
Dugabau, ƙaramar hukumar Kabo.