Tsakanin Gaɓa da Gaba

Talata. Aikin farko: ban ruwan albasa, na gama kafin hantsi.

Zuwa ga mai girma Jami'in kula da ƙungiyoyin manoman rani na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar manoma a gefen madatsar ruwa ta Watari. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita zagaye, shi ya sa na rubuto a fili. In na yi rashin ladabi, a gafarce ni.

Na ɗaya. Takardarku ta ce daga bana ba za ku karɓi sunayen masu neman taki ba sai ta sabon tsarinku, kuma tsarin ba ya hawa kan babbar manhajar da ke tafiyar da tsohuwar kwamfutarmu. Dole mu koma wata manhajar, ita kuma tsohuwar kwamfutar ba za ta iya ɗaukarta ba. Ba mu yi gardama ba. Mun kai waken gonar ƙungiya kasuwar Dawanau mun sayar, a shekarar da wasunmu sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidajensu. Aka damƙa mini kuɗin, aka ce in zaɓo wata kwamfutar. Sayen nan sau ɗaya ne, babu waken da za a sake sayarwa.

Na biyu. Wuri uku na duba, kuma na rubuta komai a littafina. Akwai babban kanti a birni, sabuwa a kwali, da alkawarin gyara, amma kuɗinmu bai kai ba, kuma duk mako farashin gaba yake yi. Akwai mai 'yan tokumbo kusa da Dawanau, da sauƙi, sai dai ya ce mini, "Malam, in ka tsallake ƙofar nan da ita, kai da Allahnka." Sai dillalin da kuka rubuta sunansa a takardarku.

A ko'ina gwaji ɗaya nake neman yi: in zauna in buga Ɗan'azumi, in buga gaɓa. A kantin birni suka ce ana iya saka haruffa masu lanƙwasa, amma sai na biya tukuna. Mai tokumbo bai bar ni na taɓa ba. Dillalinku ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa yake ta lanƙwasa yanzu? Buga ta a miƙe, kowa zai gane."

Na uku, kuma nan ne damuwata. Bara na buga sunan Malam Ɗan'azumi, dattijon da ya koya mini dashen albasa, yadda aka koya mana a makaranta. Da ya isa na'urarku, harafin farko ya koma ɗan akwati. Aka ce babu mai wannan suna. Bai sami taki ba, albasarsa ta ƙanƙance. Bai taɓa yi mini maganar ba, kullum sai dai, "Magatakarda, ya ƙoƙari?" Da ma zagina ya yi.

Na sha tambayar kaina ko iyayina ne ya jawo masa. Wataƙila dillalin ne da gaskiya. Amma ranka ya daɗe, gonakinmu kashi biyu ne. Akwai na gaɓa, da ke bakin ruwa. Akwai na gaba, can nesa, waɗanda sai da injin ban ruwa. In na cire lanƙwasa, duk sun zama na gaba, kuma ta wannan kalmar kuke raba inji. In na bar ta, sunaye su zama akwati. Ko ta ina na juya, akwai wanda zan cutar, kuma duk mutanen da muke haɗa sahu ne a masallaci.

Roƙona ba yawa. A gaya mana a rubuce: sabon tsarin yana karanta ɗ da ƙ da ɓ, ko ba ya yi? A faɗa mana ko dole ne mu saya wurin dillalinku, ko shawara ce kawai. A kuma sa shi ya bari mu gwada kwamfutar da tsarinku kafin mu biya. In kuwa za a rufe karɓar sunaye ranar Juma'a kamar yadda aka ce, a karɓi namu a rubutun hannu. Biro bai taɓa ƙin lanƙwasa ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, Ya raba ka da ɗaukar haƙƙin talaka ko da a kan rashin sani.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya.

Na gobe, in Allah Ya kai mu:
A ciro ciyawar komin albasa biyun da suka rage.
A sake tambayo farashi a birni.
A kai wannan takarda garin Kunci a buga.
Malam Ɗan'azumi ya aiko a sa sunansa. Ban san da wane harafi zan fara ba.