Roba Biyu a Bakin Filtar Mota Lamba Bakwai

Attahiru Abbas Tozai,
Direban mota lamba bakwai,
Shiyyar Maƙera, Isa.
Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Marwan Jibrilla,
Shugaban Ƙungiyar Sufuri ta Zumunta,
Isa.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: ƘWACE MINI MABUƊIN MOTA BISA ZARGIN SAKACI, DA ROƘON A DUBA FILTAR MAI GABAN SHAIDU KAFIN RANAR ALHAMIS

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan ka dawo daga Sakkwato lafiya. Ni ne mai suna a sama, shekara goma sha ɗaya ina jan bas ɗin ƙungiya tsakanin Isa da Sabon Birni. Ranar Juma'a, 11 ga wanga wata, lokacin ba ka gari, kwamitin ladabtarwa ya zauna ƙarƙashin Sakatare Malam Fatihu, anka yanke cewa ni na kashe injin motar da sakacina, anka karɓe mabuɗi. Ina roƙon ka karanta takardar nan yau, don abin da za shi wanke ni kwana uku kawai sunka rage masa a duniya. Ga yadda abin ya faru.

1. Ranar Litinin, 7 ga Oktoba, na kai motar juyen baƙin mai garejin Malam Is'haƙa, makaniken ƙungiya. Ka san shi, amma mai yiwuwa ba ka san baffan matata Nuriyya ne ba, kuma shi ya ba ni aurenta. Shekara tara ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ga shi na rubuta shi a takardar ƙorafi. Allah Ya sani ba da daɗin rai ba.

Ko wane gareji na shiga kan hanya, tsaye nike kan makanike har shi gama. Ina son in gani da idona an goge mazaunin filta, an shafa wa robar sabuwar mai, an ɗaure ta da hannu. Amma wa ke tsayawa kan surukinsa yana duba masa aiki? Na gaishe shi, na ajiye mabuɗi, na koma gindin itacen bedi can nesa har ya aiko an gama. Wannan laifina ne, ban ɓoye ba.

2. Ranar Talata, 8 ga wata, na isa Sabon Birni da hantsi. Bayan na sauke fasinja na ga ɗigon mai biyu ko uku a ƙasa, daidai ƙarƙashin inji. Na zaro geji, mai na nan cif. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na buga wa Malam Is'haƙa waya. Ya ce wanda ya zuba a jikin inji wurin juye ne ke tsiyaya, in kwantar da hankalina. Na ce to. Mi za ni ce?

3. Da la'asar sakaliya munka taso a kwamba, mota tara, ni ne na ƙarshe. Mutum goma sha takwas gare ni, mafi yawansu mata masu dawowa da kayan miya, da wani tsoho Yero da ya rungumo buhun dusa bai yarda a ɗora shi sama ba. Muna shiga Gangaren Marke na ji ƙaurin mai ya cika mini hanci, sai jar wutar mai ta kama a gabana. Na leƙa madubi, na ga baƙin layi yana bin mu kan kwalta.

Ranka shi daɗe, ba sai na faɗa maka mi ne ne Gangaren Marke ba. Kai da bakinka, a taron direbobi na bara bayan abin da 'yan bindiga sunka yi wa motar Tsamaye a wurin, ka ce duk wanda tayarsa ta fashe a wurin shi tafi kan ƙarfe, kada shi kuskura shi tsaya. Babu sabis ɗin waya a wurin. Motar da ke gabana ta riga ta sha kwana. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, mutum ba shi ganin taku goma cikinta. Na san in na kashe mota nan take, inji ya tsira. Na kuma san in na kashe ta, mu goma sha tara ne tsaye a tsakiyar wannan daji, rana na gangarawa.

Ban tsaya ba. Na rage wuta, na bar ta tana gangarawa da kanta inda ta iya, ina ta Hasbunallahu. Wajen kilomita shida na ja ta a haka, inji na kuka ina ji har cikin haƙorana, don ni na san motar nan tun tana sabuwa. Muna hango rumfunan farko na bakin garin Isa ta buga, ta mutu. Fasinja sunka sauka da ƙafafunsu, kowa da kayansa.

4. A zaman kwamiti tambaya biyu kawai anka yi mini: ko jar wuta ta kama, na ce ta kama, ko na tsaya, na ce ban tsaya ba. Shi ke nan, Malam Fatihu ya rufe littafi. Ba wanda ya tambayi inda wutar ta kama, ba wanda ya tambayi ta ina galan guda na sabon mai ya tsere cikin yini ɗaya. Malam Is'haƙa na zaune kan benci yana jan tasbaha, ya ce shekararsa arba'in yana juye, mota ba ta taɓa dawo masa ba. Ni kuwa kaina na ƙasa. Ko da ina da magana a ranar, ba gaban suruki za ta fito ba. Minti goma ba su cika ba anka gama da shekara goma sha ɗaya.

5. Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. In na zauna gida sai in ga kaina a tasha, in na zo tasha sai in rasa abin da ya kawo ni. Ranar Asabar na je ɗauko dardumata da butata daga motar, inda anka jawo ta anka ajiye bayan ofishin ƙungiya. Ƙarƙashin kujerar direba na tarar da tsohuwar filta a ƙulle cikin leda. Wannan ɗabi'ar Malam Is'haƙa ce tun fil azal: yana mayar wa direba tsohuwar don a tabbata sabuwa ya sa, ba wanke tsohuwar ya yi da fetur ba yadda wasu ke yi. Na kwance ledar ba da wata manufa ba, sai na ga bakin filtar fayau, babu zoben robar da ke zagaye da shi.

Na cire riga na kwanta ƙarƙashin motar, na zura hannu na shafa tsakanin sabuwar filta da jikin inji. Wallahi tallahi roba biyu farcena ya taɓa, ɗaya bisa ɗaya, ta saman ta tsattsago waje ta gefe guda. Tsohuwar robar ce ta manne a jikin inji lokacin da anka kwance, anka ɗaura sabuwar filta a kanta. Da sanyin safiya sun riƙe, shi ya sa ɗigo kawai na gani a Sabon Birni. Da inji ya ɗau zafi mai ya tsinke, sai ta turo, mai ya samu ƙofa. Duk makaniken da ka tambaya za shi faɗa maka haka.

Ban kwance komai ba. Filtar na nan ɗaure yadda anka ɗaure ta.

6. Yanzu na ji Malam Fatihu ya ba da umurni a ja motar zuwa garejin Malam Is'haƙa ranar Alhamis, 17 ga wata, a sauke inji. Ba ni zargin kowa da niyyar ɓoye gaskiya. Amma abu na farko da ake kwancewa filta ce, robar za ta faɗi cikin ƙasa da baƙin mai a tattake ta, ni kuma in mutu da sunan direban da ya ƙona inji. Tun shekaranjiya ina zaune jikin motar daga safe har magariba, 'yan kamasho na tsokanata wai na zama maigadin gawa. Jiya wani mai mota da ya sha roƙona in koma wurinsa ya wuce ni, sallama kawai ya ɗaga mini daga nesa. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

7. Ina so a fahimce ni game da surukina. Ba mugunta ya yi ba, kuma ledarsa ta gaskiya ce ta tona zancen. Idonsa ne ya raunana, duk gidan an sani. Nuriyya ke karanta masa lambar waya. Da na faɗa mata abin da na gani, ta ce in rubuta, amma kada in bari a tozarta mata uba a tasha. Da wannan sharaɗi na ɗauki alƙalami.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon:

(a) A dakatar da jan motar har sai ka zo da kanka.

(b) A kwance filtar a gabanka, da Malam Fatihu, da makanike ɗaya daga Sabon Birni wanda ba ruwansa da kowa. Gani ya kori ji. In roba ɗaya ta fito, na yarda a kore ni daga ƙungiya gaba ɗaya.

(c) In biyu sunka fito, a gaya wa Malam Is'haƙa a ofis, ƙofa rufe, ba a bainar jama'a ba.

(d) A kira Hajiya Sa'adiyya mai daddawa, wadda ta zauna bayana a ranar, da tsoho Yero, su faɗi inda wutar ta kama.

(e) A mayar mini da mabuɗina, a kuma goge kalmar sakaci daga littafin ƙungiya.

In kuwa bayan duk wannan kwamiti ya tsaya a kan cewa tsayawa ya kamata in yi, to ina roƙon a rubuta hakan a matsayin doka, a sa hannu, a karanta wa fasinja a tasha kafin lodi: cewa in jar wuta ta kama a Gangaren Marke, direban ƙungiya za shi kashe mota shi tsirar da inji. Sai a nemi wanda za shi iya bin dokar a ba shi mabuɗin. Ni dai, ranka shi daɗe, ko gobe anka maimaita, ba ni tsayawa. Mutum goma sha takwas na ɗauko daga Sabon Birni, goma sha takwas sunka kwana gidajensu.

Tsohuwar filta na wurina cikin ledarta. In ka neme ni, ina nan jikin motar, bayan ofis.

Allah Shi ja zamaninka, Shi ba ka ikon yin adalci. Ka gafarce ni in harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Naka mai biyayya,

Attahiru Abbas Tozai,
Direban mota lamba bakwai.