Daƙiƙa Arba'in da Biyu na Amamata

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

'Yata Zarah ta fito da akwatin ƙarfena daga shed ɗin ajiyar kaya na bayan gida ta dire min a falo. Ta ce, "Baba, damp ne, danshi ya cinye shi. Ko a gyara ko a zubar." Ba faɗa take yi ba. Likita ce, haka take magana da kowa, har ubanta.

Faifan tef bakwai ne a ciki. Sama da shekara hamsin ina jan su, Kaduna, Zariya, yanzu Plumstead. Tun da na bar gidan rediyo ban saurare su ba, ba ni da na'urar. Da na ɗaga murfin, wani farin abu kamar garin rogo ya bi gefensu duka. Na mayar na rufe.

Shekarata saba'in da tara. Ban san wa nake yi wa ajiya ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na je wurin abokina Hosea a care home ɗinsu na Woolwich, gidan kula da tsofaffi. Duk Alhamis nake zuwa. A duk faɗin London shi kaɗai ne ya san ni da baƙin gashi. Tun ciwon shanyewar jiki na bara, hannunsa na dama a kwance yake kan cinya kamar ba nasa ba. Hannun da ya yi kiɗan jita shekara sittin.

Magana da ƙyar. Amma ya ce, "Injiniya, faifan?" Na ce yana nan, Maijita, lafiya lau. Kullum tambayar ke nan, kullum amsar ke nan.

'Yarsa Rifkatu ta raka ni bakin ƙofa. Ta ce, "Kawu, in akwai abin da za ka kawo masa, ka kawo. Likitoci ba sa maganar sabuwar shekara."

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Na zauna ina tunanin ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo.

Ina da shekara sha tara aka ɗauke ni aiki, a 1963. Ɗaki guda, an lulluɓe bangonsa da barguna don kada sauti ya dawo. Makirufo ɗaya tak, a rataye daga rufi. Aikina shi ne jera mutane: mai kalangu can bakin ƙofa, mai garaya taku uku, mawaƙi kamu ɗaya daga ƙarfen. Jar fitila ta kama, shi ke nan, duk abin da ya fita ya fita, har tari. A kasuwa mutane su yi cincirindo gaban akwatin rediyon da aka kafa a jikin bango, masu dako su sauke kaya. Akwai makaɗin da ya ga fitilar ya ajiye gangarsa ya fice, wai ba ya yi wa aljani wasa.

Amamata ba ta tsoron komai. Mai kiɗan ƙwarya ce, daga wani ƙauye gabas da Zariya, da mata huɗu a bayanta. Sai na roƙe ta ta cire warwaronta don suna shiga makirufo. Ita kuma sharaɗinta ɗaya: ba ta yi wa ƙarfe waƙa, sai mutum ya tsaya gabanta tana kallonsa. Ni ake tsayarwa.

Wata Lahadi a 1965 mai garaya bai zo ba. Hosea na zaune a baranda da jitarsa, yana jiran shirin mawaƙan coci. Amamata ta leƙa ta ce, "Kai, mai gurmin Turawa, shigo." Ko gwaji ba su yi ba. Minti goma sha ɗaya, waƙar da ta yi wa 'yan dakon tashar jirgin ƙasa. Wata uku wasiƙu na zuwa a maimaita. Ba su sake haɗuwa ba, ta rasu wajen haihuwa shekarar da ta biyo.

Wannan shi ne faifai na huɗu. Haka aka rubuta a kwalinsa, da hannuna.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Bayan masallaci na yi wa Alhaji Mashud zancen, mutumin Kumasi da muke sahu ɗaya. Ashe 'yarsa Nimatu aikinta ke nan, gyaran tsofaffin sautuka a wata jami'a wajen Aldwych. Nan take ya kira ta. An yi min booking ranar Laraba.

Na so a ce ba ta da lokaci.

Laraba, 18 ga Oktoba

Zarah ta sa akwatin a jakar taya, na hau jirgin ƙasa na Elizabeth line, sannan bas. Aldwych cike da ɗalibai, kowa da abu toshe a kunne, kowa da waƙarsa shi kaɗai.

Nimatu yarinya ce mai natsuwa, ba ta kai talatin ba. Ta sa safar hannu kafin ta taɓa. Rabon da wani ya girmama kayan nan haka, na manta. Ta shinshina, ta ɗaga wa fitila. Da Hausarsu ta zango ta ce, "Baba, tef ɗin ya sha wahala. Sai mun share shi, mu gasa shi kaɗan kaɗan a oven kafin ya yarda ya juya. Ban yi maka alkawari ba fa."

Gasa tef kamar gurasa. Da a zamaninmu ne da an kore ta.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Na ce wa Hosea an kai gyara. Ya daɗe yana kallona.

Akwai abin da ban rubuta ba. Ba yau ba.

Talata, 31 ga Oktoba

Nimatu ta kira. Uku sun mutu, maganin da ke riƙe sautin ya bare ya bar leda zalla. Biyu akwai sauti amma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya wasan kwaikwayon tsafta ne. Na huɗun ta ce gara in zo da kaina.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ban je Woolwich ba. Na kira Rifkatu na ce mura.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na je. Nimatu ta sa min abin ji a kunne ta danna.

Muryar wani jami'in dabbobi. Sanarwar rigakafin ciwon bushiya, gari bayan gari, ranar da za a kai shanu. Minti goma da 'yan kai.

To, bari in rubuta. A 1968 ne, lokacin yaƙi, tef ya yi wuyar samu, aka ce a riƙa goge tsofaffin waƙoƙi ana ɗaukar sanarwa a kai. Ni na ɓoye bakwai ɗin nan a ƙasan teburina. Ran nan jami'in ya zo a makare, saura kwata a shiga labarai, kabad ba ko faifai ɗaya, shugaban sashe yana tsaye a kaina. Na miƙa hannu ƙarƙashin tebur na zaro ɗaya. Ban duba ba. Ko na duba. Da aka gama na mayar da shi kwalinsa na ce wa kaina wataƙila ba shi ba ne. Shekara hamsin da biyar ina cewa wataƙila.

Yau a tef ɗin, jami'in ya ce wassalam, aka ji ƙas, sai ga Amamata. Tsakiyar baiti, ƙwarya na tafiya, matan na amshi. Ƙarshen waƙar ne, inda sanarwar ba ta kai ba. Ta ja dogon sautin nan nata ta sauke, sai dariya, sai ta ce, "Yaro, na gama, ka iya ƙifta ido."

Daƙiƙa arba'in da biyu. Nimatu ta ƙirga.

Ta ce, "Baba, matan nan ya iya waƙa! Kuma jitan, ka ji yadda yake bin shi a baya?"

Ban ji jita ba. Ta maimaita sau huɗu, ta ƙara sauti. Muryar ina ji, ƙwarya ina ji. Jita babu. Ta nuna min wasu siraran layuka a allon kwamfuta, ta ce ga shi nan, sama sama. Kunnena ne ba ya kaiwa can. Ni da ake kira daga wani ɗaki in faɗi wace tsirkiya ce ta saki.

A bas na wuce tashata har biyu.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Zarah ta ce za ta yi min appointment na kunne. Na ce ta bari. Me ya rage da zan ji?

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ban je ba. Ban ma kira ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Rifkatu ta zo har gida da mota. Ta ce, "Kawu, mako biyu yana kallon ƙofa." Kunya ta sa na saka takalmi.

Ya rame ƙwarai. An daina zaunar da shi a kujera. Nimatu ta riga ta tura wa Zarah sautin a waya, Zarah ta tura wa Rifkatu, ban sani ba. Rifkatu ta kara masa wayar a kunnen hagu. Ya rufe ido. Da ya ƙare ya ɗaga yatsa, a sake. Sau uku.

Na ce Rifkatu ta ba mu wuri. Na faɗa masa duka, jami'in, shanun, hannuna a ƙarƙashin tebur. Na ce na yi maka ƙarya, Maijita, tun muna samari, kuma duk Alhamis ina sabunta ta.

Ya daɗe yana haɗa kalmar. Ya ce, "Ina... bakin ƙofa."

Ban gane ba.

"Ran nan. Na gani."

Na ce to don me kake tambayata faifai duk mako, don Allah?

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "To da me... za mu yi hira?"

Na riƙe hannun nan da ba ya ji. Ban sake shi ba har aka shigo da abincin rana. Da zan fita ya ce, "Na yi kuskure... a ƙarshe. Ka ji?" Na ce na ji. Wata ƙaryar.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Hosea ya rasu jiya da hantsi. Allah ya ba Rifkatu haƙuri.

Yanzu ba wanda ya san ɗakin sai ni.

Asabar, 9 ga Disamba

Cocinsu na nan Plumstead, bayan babban titi. Na zauna a kujerar ƙarshe da hulata. Suka sa sautin a lasifika. Mai gabatarwa ya ce ga marigayi yana kiɗa a rediyo tare da "a local lady singer", wai wata mawaƙiyar gargajiya, ba ko suna. Mutane suka tafa. Da ta ce yaro ka ƙifta ido, ba wanda ya yi dariya sai wata tsohuwa 'yar Kafanchan.

Local lady. Matar da ake rufe rumfa a kasuwa saboda ita.

Ban tsaya cin abinci ba.

Talata, 12 ga Disamba

Nimatu ta kira. Za ta shigar da faifan a kundinsu, amma ba ta da abin rubutawa sai "unknown", wato ba a san masu waƙar ba. Tana so in zo in zauna ta ɗauki maganata, sunaye, shekaru, yadda ake aikin. Na ce mata wanda ya goge ba shi ne zai ba da labari ba. Ta ce, "Baba, to wa zai ba?" Na ce ina da baƙi, na kashe.

Ba ni da baƙi.

Laraba, 20 ga Disamba

Gari na duhu tun kafin ƙarfe huɗu. Kwana uku ban fita ba. Zarah na leƙo ni kamar mara lafiyarta.

Alhamis, 28 ga Disamba

Na tashi na yi wanka na sa babbar riga, sai a bakin ƙofa na tuna ba inda zan je ranar Alhamis.

Alhamis, 11 ga Janairu, 2024

Na je Aldwych. Kwalayen faifan kawai na je karɓa, tunda rubutun hannuna ne a jiki.

Nimatu ta ce in zauna in huta tukuna. Makirufo na kan teburin, ta manna shi dab da bakin kujera. Na ce wa ya koya miki haka? Duk numfashin mutum zai shiga. Na ja shi baya kamu ɗaya, na karkatar da kansa. Ta ce to in gwada mata ta gani ko ya yi. Na ce, Amamata 'yar Ɗanladi, mai ƙwarya, da Hosea Bature a jita, Lahadi, damina, 1965.

Da na duba agogo awa biyu ta wuce. Shayina ya huce.

Matan amshi uku na ba ta, Kande, Tabawa, Ladi Ƙarama. Ta huɗun ta ɓace min, doguwa mai wushirya, wadda kullum take makara. Sai a jirgi, wajen Whitechapel, sunan ya faɗo. Na rubuta a bayan ambulan.

Ba wai na ce zan koma ba. Amma ba a barin mutum uku a rubuce, ta huɗu a aljihu. Kwalayen ma na manto su a can.