Katin Gwaji da Ya Mai da Ni Ɓarauniya

Daga: Mai sharar Ginin Azuzuwa na Biyu, Sashen Tsafta, lambar ma'aikaciya 214

Zuwa ga: Mai girma Kwamandan Kwalejin Horar da Jami'an Tsaron Jama'a

Ta hannun: Magatakardan Kwaleji

Kwanan wata: Laraba, 21 ga Fabrairu, 2024

Game da: Ƙorafi kan katin gwaji da aka cike da sunana a aji, aka shigar da shi cikin bayanan masu laifi, ya hana ni shiga kwas ɗin mata masu bincike a ƙofa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ladabi da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon afuwa da ƙaramar ma'aikaciya kamata ta rubuto maka. Ni ce mai share azuzuwa shida na Gini na Biyu, wadda malamai da ɗalibai ke kira Shiru-shiru. Shekarata huɗu da wata biyu a wannan aiki, ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba, ban kuma taɓa kai ƙarar kowa ba. Karatuna bai wuce firamare aji shida ba, idan an ga kuskure a yi haƙuri. Da hannuna na rubuta, sau uku ina yagawa ina sakewa.

1. Ranar Talata, 7 ga Maris, 2023, da misalin ƙarfe goma na safe, ina goge tagogin aji na huɗu, malamin darasin bincike, wanda ɗalibai ke kira Malam Tabarau, ya kira ni. Ya ce matar da aka saba kawowa ta fito a matsayin wadda ake tuhuma ba ta zo ba, in taimaka in zauna a kujerarta minti ashirin. Raina bai so ba, amma ban iya ce wa babba a'a ba. Na jingine tsintsiya na zauna a gaban ɗalibai arba'in da biyu.

2. Labarin da aka tsara shi ne wai na saci keken ɗinki daga wani shago. Ba wanda ya ce mini in ƙirƙiri suna. Da ɗalibin da aka sa ya yi mini tambayoyi ya nemi sunana da na mahaifina da shekaruna da adireshin gidanmu, na faɗi na gaskiya, don ban san wasu ba. Ya daka mini tsawa, ya bugi tebur, ya ce in ɗago in dube shi. Ni kuwa ko a gida ba na haɗa ido da babba. Sai ya juya ya ce wa ajin su lura, wannan sunkuyar da kai ita ce alamar marar gaskiya, suka duƙufa suna rubutawa. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, ga azuzuwa uku ban share ba, na ce na yarda ni na ɗauka, don a sallame ni. Ajin ya kaure da tafi. Malam Tabarau ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa samun wadda ta iya wasan nan kamata ba. Ranka ya daɗe, ba wasa nake ba. Kukan da na yi a gabansu na gaske ne.

3. Bayan nan aka dangwala yatsuna goma a tawada aka buga a kati, aka ɗauki hotona ina riƙe da allo mai lamba. Na san ƙa'idar kwaleji: duk katin da aka cike a aji sai an buga masa jan hatimi mai cewa NA KOYARWA, sannan a ƙone shi a ƙarshen zango. Ni ce ma nake kai su wurin ƙonawa. A ranar hatimin yana kulle a durowar akawun sashen, shi kuwa ya tafi hutu da makulli. Aka ce za a buga in ya dawo. Kwana uku tawadar ba ta fita daga ƙarƙashin faratana ba.

4. Ranar Litinin, 8 ga Janairu, 2024, na miƙa fom ɗin neman shiga kwas ɗin wata tara na mata masu binciken mata a ƙofar kotu da gidan gyaran hali. Sanarwar ta ce ma'aikaciyar kwaleji mai shaidar firamare, wadda ta shekara uku a aiki kuma ba ta haura shekara ashirin da biyar ba, tana iya nema. Shekara huɗu ina jin darussan nan ta taga, ina karanta abin da ke allo kafin in goge. Wata biyar ina zagaya filin fareti sau shida kafin in fara shara. Na ci jarrabawar rubutu, na zo ta uku a gudu.

5. Ranar Alhamis, 1 ga Fabrairu, aka kafa sunaye, babu nawa. Matar ofishin ɗaukar ɗalibai ta juyo mini da takarda ba tare da ta dube ni ba. An rubuta cewa ina da laifin sata, kuma na amsa da bakina. Ga hotona da allon, ga rigar aikin kwalejin nan a jikina, har bakin bokitina ya fito a gefe. Daga baya akawun sashen ya gaya mini cewa katin ya yi kyau ƙwarai, ɗalibin ya ci maki mafi yawa da shi, shi ya sa aka aika da shi ofishin ajiyar bayanan masu laifi don sababbin ɗalibai su ga yadda ake cikewa. A can wani ya gan shi ba jan hatimi, ya shigar da shi.

6. Ga inda na taka tun daga ranar. Ranar 5 ga wata na je ofishin ajiyar bayanai, aka ce kotu ce kaɗai ke share suna. Ranar 8 na je kotu, magatakardanta ya duba littattafai ya ce babu shari'a da sunana, ba a soke abin da babu. Ranar 13 na nemi Malam Tabarau, aka ce an tura shi ƙarin karatu, sai bayan wata shida. Ɗalibin kuwa yanzu jami'i ne a wani ofishin, na yi zaman awa uku a benci, da ya fito ya ce shi dai abin da na faɗa ya rubuta. Ranar 19 na koma ofishin ɗaukar ɗalibai, aka ce in kawo takardar shaidar ba ni da laifi, a mayar da sunana. Wannan takarda kuwa ofishin ajiyar bayanai ne ke ba da ita. A kowane ofis sai na daɗe a bakin ƙofa kafin bakina ya buɗe, kuma a kowanne sai an yi dariya kafin a ce in yi haƙuri.

7. Maganar ta kai unguwarmu. Yayana tela ne, yanzu masu kawo ɗinki suna shafa kekensa suna tambayar ko shi ne wanda ƙanwarsa ta samo masa. Yana yi musu dariyar yaƙe, in sun tafi ya rufe shago. Shi ya ɗinka mini wandon gudu tun kafin sunaye su fito, yana nan a ninke. Mahaifiyata ta daina zuwa famfo da safe, sai layi ya watse. Ranar nan ta ce in da gaske na ɗauka in gaya mata ita kaɗai, ba za ta faɗa wa kowa ba. Wannan tambayar ta fi mini komai ciwo.

8. Za a rufe rajistar kwas ranar Juma'a, 1 ga Maris. A watan Yuni zan cika shekara ashirin da shida. Idan wannan ta wuce ni, babu wata.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ladabi:

(a) a buɗe littafin darasin aji na huɗu na ranar 7 ga Maris, 2023, za a ga labarin keken ɗinkin da lambar da ke kan allon hotona;

(b) ka rubuta wa ofishin ajiyar bayanai da hannunka su cire katin, a buga masa jan hatimin, wanda yanzu yana nan a durowar akawu, na gan shi jiya ina shara;

(c) a mayar da sunana cikin waɗanda suka ci kafin ranar Juma'ar da na ambata;

(d) a ba ni takarda mai hatimin kwaleji da zan karanta wa mahaifiyata;

(e) a gaya wa ɗalibai arba'in da biyun nan, duk inda aka tura su aiki, cewa abin da suka rubuta a ranar ba haka yake ba. Akwai mai sunkuyar da kai don kunya kawai.

Ba na neman a hukunta kowa. Idan ana son ganina, kullum ina Gini na Biyu daga ƙarfe shida na safe. In an kira ni ofishinka aka ga ban ɗago kai ba, ina roƙon kada a rubuta.

Akawu ya ce ƙananan ma'aikata yatsa suke dangwalawa a ƙasan takarda. Ni ban dangwala ba, yatsuna goma suna wurinku. Da alƙalami na sa hannu.

Allah Ya ƙara girma, Ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Shiru-shiru
Mai sharar Ginin Azuzuwa na Biyu, lamba 214